Makaman Amurka a Isra'ila: a bar garkuwa, a ɗaure sauran da sharaɗi

A shekarar 2014, lokacin da Boko Haram ke kafa tuta a Gwoza da Bama, Najeriya ta nemi sayen jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra daga hannun Isra'ila. Da yake ƙirar Amurka ne, sai da yardarta za a yi cinikin, gwamnatin Obama kuwa ta ce atafau ba ta yarda ba, saboda zargin da ake wa sojojinmu na cin zarafin farar hula. Cinikin jiragen Super Tucano ma ya gamu da tsaiko bayan da jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, ba su iso ba sai 2021. Mun ji zafin abin, amma mun ga da idonmu cewa Amurka ta iya riƙe makami idan ta ga dama. Tana ma da doka a kan haka, dokar Leahy ta 1997, wadda ta haramta tallafa wa duk rundunar da aka samu sahihiyar shaidar cewa ta tafka mummunan take haƙƙin ɗan Adam.

To, ga Isra'ila. A ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2016, Amurka na ba ta dala biliyan 38 cikin shekara goma, daga 2019 zuwa 2028. Wato dala biliyan 3.3 duk shekara na sayen makamai, da miliyan 500 na na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami. Ƙasar da ke karɓar wannan kuɗi ita ce ke riƙe da Gaɓar Yamma da Kogin Jordan da Gabashin Ƙudus tun yaƙin 1967, kuma 'yan kama-wuri-zauna da ta tsugunar a can sun haura 700,000. Kwamitin Sulhu ya ce matsugunan haramtattu ne a ƙuduri mai lamba 2334 na Disamban 2016, wanda ita kanta Amurka ba ta hau kujerar na-ƙi a kansa ba. A Yulin 2024 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa mamayar kacokan ta saɓa wa doka.

Ra'ayina shi ne a raba tallafin gida biyu. Abin da yake garkuwa ne, irin na'urar Iron Dome mai kakkaɓo rokoki, a bar shi. Yaron da ke kwance a Sderot, garin Isra'ila da ke daf da Gaza, ba shi ya tsara matsuguni ba, kuma harin da Iran ta kai a Afrilun 2024 da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami sama da 300 ya nuna barazanar ba tatsuniya ba ce. Sauran kuwa, bama-bamai da jirage da bindigogi, a ɗaure su da sharaɗi ƙwaya ɗaya wanda ko tauraron ɗan Adam zai iya tantancewa: a daina gina sababbin matsugunai. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Masu adawa da wannan na cewa kuɗin Amurka ba ya zuwa wajen gina gidaje, akasarinsa ma a masana'antun Amurka ake kashe shi, a wajen irin su Boeing da Lockheed Martin. Gaskiya ne, sai dai duk magidanci ya san idan wani ya ɗauke masa cefane, kuɗin aljihunsa sai su tafi wajen bulo da siminti. Dalar da Isra'ila ba ta kashe ba wajen sayen jirgin F-35 tana nan a baitulmalinta, tana shimfiɗa hanyar da za ta kewaye ƙauyen Falasɗinawa. Ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajensu ita ce ta Turkiyya, kuma ba zan kauce mata ba. Bayan da Turkiyya ta mamaye arewacin tsibirin Kubrus a 1974, majalisar dokokin Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin makamai a 1975. Ankara ta mayar da martani da rufe sansanonin Amurka da ke ƙasarta, aka ɗage takunkumin a 1978, sojojin Turkiyya kuwa har gobe suna tsibirin. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, takunkumin da aka yi wa kuɗin goro, aka ce sai an janye baki ɗaya, yakan zama rigimar mutunci, kuma ba ƙasar da ke son a ga ta durƙusa. Ƙaramin sharaɗi mai iyaka daban ne. A 1991 Shugaba George Bush babba ya riƙe lamunin bashin dala biliyan 10 da gwamnatin Yitzhak Shamir ke nema, saboda dai batun matsugunan. Aka yi ta kumfar baki a Washington. Shekara na zagayowa Shamir ya faɗi zaɓe, Yitzhak Rabin ya hau ya taƙaita gine-ginen, aka saki lamunin, ƙawancen kuma bai mutu ba. Kafin shi, Reagan ya dakatar da tura bama-bamai masu tarwatsewa a 1982 kan yadda aka yi amfani da su a Lebanon, Eisenhower kuma ya matsa har Isra'ila ta fice daga Sinai a 1957. Dukkansu ukun 'yan Republican ne, ga mai zaton wannan magana ta masu ra'ayin sauyi ce kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda dokar Leahy ta zama mai 'yan mowa da 'yan bora. A Janairun 2022 wani dattijo Bafalasɗine, ɗan ƙasar Amurka mai kusan shekara 80, ya rasu bayan da sojojin Isra'ila na bataliyar Netzah Yehuda suka ɗaure shi suka bar shi cikin sanyin dare. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe a 2024 ta ce an ɗauki matakin gyara, tallafi ya ci gaba. Bama-bamai masu nauyin fam 2,000 da Biden ya riƙe a Mayun 2024 saboda farmakin Isra'ila a birnin Rafah na Gaza, Trump ya sake su cikin makon farko da komawarsa mulki. A Agustan 2025 kuma Isra'ila ta amince da ginin yankin E1 a gabashin Ƙudus, wanda zai kusan tsaga Gaɓar Yamma biyu, ministan kuɗinta Bezalel Smotrich na alfaharin cewa hakan zai binne batun ƙasar Falasɗinu.

Yarjejeniyar dala biliyan 38 za ta ƙare a 2028, kuma wajen rubuta magajiyarta ne za a iya saka sharaɗin ba tare da an karya wani alkawari ba. Ƙudurin Sanata Bernie Sanders na toshe wasu makamai bai kai ƙuri'a 20 ba a Nuwamban 2024. A Yulin 2025 makamancinsa ya samu 27 daga cikin sanatoci 100.