Ɗan uwa kunna salularka, karayar kasuwa ba sata ba ce

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman ƴan kasuwarmu na nan Tawa da kewaye, da ku da kunka tahi bida Abijan da Akara kuna karanta ni daga can. Yau zan ɗan ja magana, wanda ke cikin ciniki ya aje ta sai dare in an ɗora shayi.

Akwai wani yaro nan unguwarmu, ba zan faɗi sunanshi ba kuma don Allah wanda ya gane shi ya kama bakinshi. Yau kwana tara salularshi na kashe, shagonshi na rufe, sallar asuba ma ya daina yin ta masallacinmu sai can wani masallaci inda ba a san shi ba. Jiya bayan isha'i mahaifiyarshi ta aiko a kira ni, na iske ta bisa tabarma da tasbaha a hannu, ta ce "ɗana kai ka taɓa shiga irin wanga hali, je ka yi mishi magana, ko tuwo ba ya ci." Kaya ya ɗauko bashi kasuwa ta juya mishi baya, iyakar laifin kenan, bai yi caca ba bai kai ma mata ba.

Kuma Inna ta yi gaskiya, na taɓa shiga.

Shekarun baya lokacin cirar albasa, wajen watan uku zuwa na huɗu da farashi ke zubewa ƙasa don kowa ya cire tashi lokaci guda, na kwashe jarina kakaf na haɗa da kuɗin mutum uku na tahi gefen Galmi na sayi albasa na zuba cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Lissafin a baki daɗi gare shi, ka saya da arha ka jira damina ta wuce ta yi ƙaranci, motocin Gana da Kwaddibuwa su zo suna neman ta ido rufe, kai kuma ka saida da tsada. Kuma mutane na yi suna samu wallahi, akwai waɗanda da ita sunka yi gida sunka je Makka. Amma ni ban san albasa ba. Ni ɗan shago ne, shinkafa da mai da sukari da taliya na sani. Ban san wadda anka cika ma taki anka yi ta ba ta ruwa har gab da cira ba ta ajiya ba ce, girma gare ta da kyan ido amma ciki duk ruwa ne. Ban san ana latsa wuya a ji ko ya bushe ba. Na ga manya manya suna sheƙi na ce Alhamdu lillahi.

Ranar da na je dubawa tsakiyar damina, tun kafin in kai bakin rudun wari ya tare ni. Wanda bai taɓa jin warin ruɓaɓɓar albasa mai yawa ba ba zai gane ba, har cikin riga yake shiga ya kwana. Ƙasan rudun baƙin ruwa na ɗiga, ƙananan ƙudaje sun yi dafifi, na tura hannu in ɗauko guda sai yatsana ya nutse cikinta kamar fura. Munka wuni muna tsinta ni da yara biyu, abin da munka tsira da shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, shi ma dole na saida shi a wulaƙance don kar ya bi sauran.

To ku ji inda shaiɗan ya same ni, don ba a bakin rudun ya same ni ba, can na yi inna lillahi na yi kukana na share. A gida ya same ni. Wata biyu ina ɓoyo. Mai kuɗi ya kira in ce ina hanya, ya sake kira in ce kaya na nan lahiya lau ana jiran farashi ya ƙara tashi, ya aiko yaro in sa a ce ba ni nan alhali ina kwance cikin ɗaki ina jin muryar yaron. Na amshi adashen maiɗakina na toshe bakin wanda ya fi matsa min, na ranto wurin wani na rage ma wani, ina gina rami ina cike rami. Albasa ta ci kuɗina rana ɗaya, amma ƙaryar wata biyun nan ita ta ci mutuncina, kuma na maida kuɗin tun tuni, mutuncin ne ya daɗe bai dawo ba.

Har wani abokina na fada ya ce min ai wanga ba banza ba, hannu anka sa maka, zo in kai ka wurin wani mutum ya duba. Saura kaɗan in bi shi wallahi, don ya fi daɗi a ce maƙiya ne da a ce kai ne ba ka iya sayen albasa ba. Ku yi hattara da wagga ƙofa, mutum ya yi asarar dukiya kuma ya je ya miƙa imaninshi da sauran ƴan canjin da sunka rage mishi a sai baƙin bunsuru.

Kawuna ne Allah ya jiƙan shi ya fidda ni. Tsohon ɗan kasuwa ne da ya yi zaman Yamai. Ya zo da hantsi ko zama bai yi ba ya ce "kai ɗan nan, ɗauko littahin lissahinka." Na ce Kawu babu. Ya ce "kuɗin mutum uku a hannunka babu ko takarda? aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kai ka fi ƙarfin biro?" Ya sa anka sawo littahin ƴan lakkol ya ja layi tsakiyar shafi, ya ce gefe guda rubuta abin da ba ka da hannu ciki, ɗaya gefen rubuta abin da hannunka ya jawo. Na farko layi biyu ne, damina ta yi ruwa sosai, laima ta yi yawa. Na biyun sai da na juya shafi. Na shiga sana'ar da ban sani ba ban tambayi masu ita ba don kar a riga ni, na zuba komi wuri guda, na yi wata biyu ban leƙa rudun ba, kuma tun can dama aljihun shago da na cefane guda ne wurina, suna da biki da gudummawa duk cikin uwar kuɗi nake ɗiba.

Na fara cewa da na sani, ya katse ni. Ya kawo min hadisin nan na Muslim da Abu Huraira ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gaza, in wani abu ya same ka kar ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata, don "da" tana buɗe aikin shaiɗan. Mu mun riƙe ƙarshen hadisin mun bar farkonshi. Ƙaddara gaskiya ce, duka gefe biyun shafin nan cikin ƙaddara suke, amma ba bargon rufe sakaci ba ce. Ka duba kuskurenka don gobe, ba don ka zauna kana cin naman jikinka ba.

Kawu ya ce min shi yana Yamai lokacin da babbar kasuwa ta ƙone a 1982, ya ga manyan alhazai tsaye bakin toka, sai 1987 anka buɗe sabuwa. Ya ga watan ɗaya na 1994 da anka karya darajar sefa, faran guda na Faransa da ake saye tamma 50 anka wayi gari 100, wanda ya ɗauko kaya bashi daga waje ya kwana da bashi guda ya tashi da biyu. Mu kuma mun ga namu, bayan watan bakwai na 2023 da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa ma Nijar takunkumi, gadar Gaya da Malanbil ta rufe, kaya sunka maƙale Kwatano, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, masu ƙanƙara da masu kihin firigo sun san abin da sunka gani. Waɗannan duk wayonka ba ka tsallake su. Allah da kanshi ya faɗa cikin Baƙara aya ta 155 cewa zai jarraba mu da wani abu na tsoro da yunwa da tawayar dukiya da rayuka da amfanin gona, bai ce ban da masu sallar dare ba.

Abin da ya fi sanyaya min rai shi ne wani hadisi na Muslim daga Abu Sa'idil Khudri. Wani mutum zamanin Annabi (SAW) ya sayi ƴaƴan itace asara ta faɗa musu, bashi ya yi mishi yawa. Kamar labarina. Annabi bai kira shi ɓarawo ba, ya ce ma mutane ku yi mishi sadaka, anka yi ba ta kai ga biyan bashin ba, sai ya ce ma masu bin shi ku ɗauki abin da kunka samu ba ku da wani abu sai shi. Amma ku lura, mutumin nan an san halin da yake ciki shi ya sa anka taimake shi. Da ya shige ɗaki ya ce a ce ba ya nan, wa zai yi mishi sadakar? Waɗanda bashi ya yi ma yawa na cikin kashi takwas da zakka ta halatta gare su, Tauba aya ta 60, amma kai ka sa shadda mai sitati kana yawo don kar a gane, wa zai sani?

Ranar Kawu ya tasa ni gaba munka bi su ɗaya bayan ɗaya da littahin a hannu. Ba zan ce muku daɗi gare ta ba. Ɗaya ya zage ni tas gaban yaranshi, kuma yana da gaskiya, ya ce ba asarar ta ɓata mishi rai ba, ƙaryar da na yi ta shara mishi ce, har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana. Wanda na fi jin tsoro kuwa, wani Alhaji mai zahin rai, shiru ya yi ya daɗe yana duban shafin nan sannan ya ce "na yafe rabi, sauran ka riƙa kawo jikka biyar biyar duk ranar kasuwa, kuma gobe ka zo ka ɗauki shinkafa buhu uku ka fara juyawa, in ka zauna da mi za ka biya ni?" Munka hita waje na kasa riƙe hawaye.

Ku kuma masu bin bashi, ban ce ku bar haƙƙinku ba. Wanda yake da shi yana ja muku rai Annabi ya kira wannan zalunci, ku bi shi. Amma wanda kunka tabbata ya karye, Allah ya ce in yana cikin ƙunci a jinkirta mishi zuwa sauƙi, in kun yafe ya fi muku alheri, Baƙara 280. Ka'abu ɗan Malik ya taɓa bin wani sahabi bashi cikin masallaci har murya ta tashi, Annabi ya leƙo daga ɗakinshi ya yi mishi nuni ya sauke rabi, ya ce na yi, sannan ya ce ma ɗayan tashi ka biya. Wagga sabuwar ɗabi'a ta ɗora hoton mutum a WhatsApp da Facebook ana a taya ku neman ɓarawo, alhali kun san gidansu kun san uwarshi, ku ji tsoron Allah, in kun kashe mishi suna wa zai sake ba shi kaya balle ya biya ku?

Ni dai na koma tebur bakin titi bayan na yi shago, wasu na wucewa suna kauda kai, ƴan fada na yi min ba'a suna ce min sarkin albasa. Ina tuna Abdurrahman ɗan Aufu da ya iso Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u ya ce su raba dukiyarshi biyu, ya ce Allah ya yi maka albarka nuna min kasuwa kawai, ya tahi ya dawo da ɗan cuku da man shanu. Kullum kuma ina riƙe da addu'ar Ummu Salama, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, wato Allah ka ba ni lada cikin masifata ka musanya min da abin da ya fi ta alheri, da alkawarin nan da ke cikin Bukhari cewa wanda ya amshi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya mishi. Shekara biyu da ƴan watanni na yi kafin in kai jikka biyar ta ƙarshe.

To ƙanena na san kana kunna salular tsakar dare ka duba ka sake kashewa, don haka za ka ga wanga rubutu. Gobe in Allah ya kai mu ka zo asuba masallacinmu, sahun da ka saba tsayuwa. Na riga na sai littahi da biro, in munka sallame za mu zauna zauren gidana mu rubuta komi har na mai shayi, sannan in raka ka wurinsu, ni zan fara yin sallama. Kafin nan ka ci tuwon da Inna ta aje maka.