Bilic ba ya fitar da jar ƙasa daga bango

Duk ƙarshen damina a Sakkwato sai ka ga ana goge gindin katanga da bilic. Hujjar masu yi ita ce, abin da ke faranta tufa ai zai faranta bango. Ba su yi laifi da suka zaci haka ba, amma abin yana damuna, don kuɗi da ƙarfi ne ke tafiya a banza.

Jan da ke cikin ƙasa sinadarin ƙarfe ne, ɗan uwan tsatsa. Bilic yana kashe gansakuka, amma ba ya narkar da tsatsa, wani lokaci ma ƙara kama ta yake yi.

A unguwar Mabera na ga maƙwabci ya kwana uku yana dirza, fenti ya ɗaye, jan yana nan.

A bar laka ta bushe, a kakkaɓe da buroshi, a wanke da omo. Wanda ya ƙi fita, ruwan lemun tsami ke sassauta shi, sai a ɗauraye sosai, domin tsami yana cin siminti. Kada a kuskura a haɗa ruwan lemun tsamin da bilic, iskar da ke tashi guba ce.