Abin da jaz ya mayar wa ofera

A shekarar 2014 wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa da ke Faransa, mai suna L'Arpeggiata, ta fitar da faifai na waƙoƙin Henry Purcell, gwanin tsara kiɗa na Ingila da ya rasu tun 1695. Waƙoƙin kansu sanannu ne, an shekara ɗari uku ana rera su. Abin da ya ta da ƙura shi ne baƙin da shugabar ƙungiyar, Christina Pluhar 'yar ƙasar Ostiriya, ta gayyato. Ta zaunar da Gianluigi Trovesi, mabushin kilarinet na jaz daga Italiya, da Wolfgang Muthspiel mai kaɗa jita, kusa da masu tsofaffin kayan kiɗa irin na zamanin Purcell. Ita kanta tiyobo take kaɗawa, wani molon Turawa mai wuya kamar na raƙumin dawa. Mawaƙi zai rera baitinsa yadda aka rubuta, sai mabushi ya karɓe ya shiga zubo abin da ba a rubuce yake a ko'ina ba.

Masu sauraro suka rabu. Wasu suka ce an hura wa tsohon kiɗa rai, wasu suka ce haɗin gambiza ne, an ci mutuncin mamaci. Ni ina tare da na farko, kodayake ba a kan komai ba, kuma dalilina yana cikin tarihin oferar kanta.

Ga wanda bai saba ba, ofera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe, makaɗa suna raka muryoyin. A Italiya aka haife ta wajen shekarar 1600, a gidajen sarakuna da masu hannu da shuni, kafin a buɗe gidan ofera na farko da kowa zai biya ya shiga a birnin Banis a 1637. Jaz kuwa kiɗan baƙaƙen fatan Amurka ne da ya taso a birnin Niyu Olins a farkon ƙarni na 20, kuma ƙashin bayansa shi ne ƙirƙira nan take: makaɗa su amince a kan wani gindi, kowa ya ɗora nasa da ka, yau daban gobe daban. Wanda ya je gidan ofera a yau ya ga makaɗa tamanin sun kafa wa takarda ido, madugu yana kaɗa musu sanda, ba mai ƙara ko ɗigo, zai rantse waɗannan kiɗa biyu ba su haɗa hanya ba.

Sun haɗa, har ma sun daɗe a kanta. A zamanin Purcell da na Handel, wani gwanin tsara ofera da ya biyo bayansa, mai tsara kiɗa ba ya rubuta wa masu rakiya komai da komai. Yakan rubuta layin ƙasa kawai, wato sauti mai kauri da ke riƙe da waƙar, ya sa wasu lambobi a kansa, sauran kuwa makaɗi ne zai cike da basirarsa a lokacin wasa. Takardar da makaɗin jaz yake ɗorawa a gabansa yau, mai ɗauke da karin waƙa da 'yan alamomi, ƙanwar waccan ce. Haka mawaƙan. Yawancin waƙoƙin oferar Handel kashi uku ne, na ukun maimaicin na farko, kuma kowa ya san ba don a sake jin abu ɗaya aka maimaita ba. Fili ne aka ba mawaƙi ya yi wa karin ado, ya lanƙwasa, ya nuna abin da ke maƙogwaronsa. Wanda ya maimaita yadda ya rera da farko, an gane bai iya ba.

Purcell ma ya fi kowa sauƙaƙa wa 'yan jaz aiki, domin yana son gina waƙa a kan ɗan gajeren layin ƙasa da ake ta juyawa ba sauyi. A oferarsa ta sarauniya Dido ta Kartaj, garin da kufansa ke Tunisiya ta yau, kukan da sarauniyar ta yi gab da mutuwarta yana zaune ne a kan wasu 'yan sautuka da ke gangarowa ƙasa, su ƙare su sake farowa, muryar tana yawo a samansu. Kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta a nan ba. Mun san gindin waƙa da 'ya'yanta, mun san yadda kalangu da 'yan amshi ke riƙe wuri guda, Shata kuma ya ɗaga kai ya ga wanda ya shigo fili ya saka shi a waƙa nan take. Gindi ba ya motsi, shi ya sa na sama ke samun 'yancin motsawa. Da Trovesi ya ɗora busarsa a kan gindin Purcell, ƙofar da ya shiga mai gidan ne ya bar ta a buɗe.

To yaya aka yi ta rufe? A hankali. Ƙungiyoyin makaɗa suka yi ta girma, gidajen wasa suka faɗaɗa, martabar mai tsara kiɗa ta haura ta mawaƙi. Rossini, mai tsara ofera ɗan Italiya, ya koma rubuta adon murya da hannunsa maimakon ya bar wa mawaƙa. Zuwa zamanin manyan masu tsara ofera Verdi da Wagner, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kusan kowane numfashi a rubuce yake. Ba na zargin su. Wagner yakan buƙaci makaɗa kusan ɗari, kuma idan mutum ɗari kowa ya ce zai zubo nasa da ka, kasuwa za a ci. A nan ne ƙanƙantar ƙungiya ta zama sharaɗi. Mutum huɗu, shida, ko goma suna ganin idon juna, suna jin numfashin juna. Ɗaya ya kauce hanya sauran su bi shi, ko su janyo shi. Madugu da sandarsa ba su da aiki a irin wannan zama.

Ta ɓangaren jaz ma dangantakar tsohuwa ce, abin da masu kishinsa kan manta. Niyu Olins garin ofera ne tun kafin ya zama garin jaz. Babban gidan oferarsa na Faransawa an gina shi a 1859, ya yi ta aiki har gobara ta cinye shi a 1919. Shahararren mabushin jaz Louis Armstrong ya sha faɗin yadda ya taso yana sauraron faya-fayan mawaƙin ofera Caruso, kuma yakan sako gutsattsarin karin ofera a tsakiyar busarsa. A 1938, lokacin da mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax yake naɗar hirarsa da makaɗin jaz Jelly Roll Morton a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, Morton ya zauna a fiyano ya kaɗa wani yanki na oferar Verdi, ya kuma nuna yadda ake juya shi ya koma jaz. Abin da ake kira sabon salo a 2014, wani dattijo ya yi shi shekara saba'in da shida kafin nan, yana ba da labari.

Daga baya an yi ta gwadawa. Ƙungiyar mutum huɗu ta Modern Jazz Quartet, wadda John Lewis ya jagoranta tun farkon shekarun 1950, ta riƙa saƙa kiɗanta irin saƙar Bach, tsohon gwanin tsara kiɗa na Jamus. A 1957 mai tsara kiɗa Gunther Schuller ya raɗa wa haɗin jaz da kiɗan gargajiyar Turai suna, ya kira shi rafi na uku. A 1959 Jacques Loussier ya kafa ƙungiyar mutum uku a Faransa yana kaɗa Bach da ganga da babban goge na tsaye. A 1994 mabushin saksofon Jan Garbarek na Nowe ya fitar da faifai tare da mawaƙa huɗu na Hilliard Ensemble, su suna rera tsofaffin waƙoƙin coci, shi yana zagaya su da busa, aka kuma saye shi fiye da yadda kowa ya zata.

Wannan cinikin ne mafarin matsala, kuma a nan masu suka suna da gaskiyarsu. Da kamfanonin faifai suka ga akwai kuɗi, sai kasuwa ta cika da angulu da kan zabo. A ɗauko sananniyar waƙar ofera, a sa mata ganga mai laushi a baya, mai fiyano ya ɗan yi mata kwalliya, a ce an haɗa ofera da jaz. Irinsa ake sakawa a zauren otal don kada shiru ya yi yawa. Ba wanda ya yi kasada a ciki. Mawaƙiya ta rera abin da ta saba, makaɗa sun kaɗa abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba, kowa ya karɓi kuɗinsa. Ma'aunina guda ne: shin akwai lokacin da abin zai iya rushewa? Idan daga sautin farko an san yadda za a ƙare, to ba a yi jaz ba, an dai ara masa riga. Shi ya sa nake girmama Uri Caine, mai fiyano daga Filadelfiya, ko a inda aikinsa bai yi mini daɗi ba. Da ya ɗauki kiɗan Mahler, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, a 1997, ya shigo da mabusan jaz, da mai juya faifai, da mai rera addu'a irin ta wuraren ibadar Yahudawa, ya wargaza kiɗan ya sake ɗinke shi har asalin Mahler na Bayahude ya fito fili. Wani wurin ya dace, wani wurin ya zame. Amma ka san mutum ya sa wuyansa.

Akwai kuma wata suka mai nauyi da ba ta shafi kunne ba. Shekaru da dama ana ɗaukar jaz kiɗan mashaya, ofera kuma kiɗan manya. Lewis da abokansa sun riƙa sa kwat da wando na alfarma suna neman manyan zaurukan kiɗa, wasu 'yan uwansu suka ce neman shiga ne wajen Turawa. Mawaƙiya Nina Simone, baƙar fatar Amurka, ta so zama gwanar fiyano ta kiɗan gargajiyar Turai, makarantar kiɗa ta Curtis ta ƙi ɗaukarta a 1951, ita kuma ta rayu tana ganin launin fatarta ne dalili. Sai a 2003, kwanaki kaɗan kafin rasuwarta, makarantar ta ba ta digirin girmamawa. Babban gidan ofera na Metropolitan da ke Niyok an buɗe shi a 1883, amma bai taɓa nuna oferar da baƙar fata ya tsara ba sai a 2021, da aikin Terence Blanchard, wanda shi ma mabushin jaz ne ɗan Niyu Olins. Shekara 138. Don haka idan yau gidajen kiɗan Turai suna buɗe wa jaz hannu, a daidai lokacin da suke fafutukar jawo matasa, ba laifi ba ne mutum ya tambaya wa ke cin moriyar wa. Amsata ita ce a duba takardar shirin wasa. In an rubuta sunan mawaƙin ofera da manyan baƙaƙe, 'yan jaz kuma can ƙasa kamar 'yan rakiyar amarya, an ga amsa. A faifan Pluhar, a ganina, baƙin sun samu fili na gaske, har wani lokaci su ne ke jan ragamar.

Inda na rabu da masu yabon faifan shi ne kan mawaƙan. Philippe Jaroussky, wanda ya rera da yawa daga waƙoƙin, muryarsa tas take kamar ruwan sama, ba mai musu. Amma kasadar kusan duk makaɗa ne suka ɗauka. Mawaƙan suna tsaye a kan rubutu, su ɗan yi ado nan da can, su koma gefe su jira a gama busa. Haka abin yake a mafi yawan irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma yana da dalili. Ana horar da mawaƙin ofera shekara da shekaru ya cika zaure mai cin mutum dubu biyu ko uku ba tare da makirufo ba, ya tsallake ƙarar makaɗa da ƙarfin ƙirjinsa, ya sauka a kan kowane sauti daidai lokacinsa. Mawaƙin jaz kuwa bakinsa na jikin makirufo, yana iya raɗa, yana iya shaƙewa da gangan, kuma gwanintarsa ita ce ya ɗan makara, ya bar ganga ta wuce shi kaɗan sannan ya kamo ta. Abin da ake yi wa ɗaya faɗa a kai a makaranta shi ake yaba wa ɗayan. Ba a kwance horon shekara goma a kwana uku na shirin naɗar faifai.

Wannan ba hujjar a daina ba ce. Hujja ce a kan makarantun kiɗa, waɗanda suke koya wa ɗalibi waƙoƙin Handel amma sau da yawa su miƙa masa adon a rubuce ya haddace, alhali don ya ƙirƙiro nasa aka bar gurbin. Mawaƙin da ya iya yi wa kashi na uku ado da ka, yau daban gobe daban, ya riga ya yi rabin tafiya zuwa wajen 'yan jaz ko bai taɓa jin sunansu ba.

Kaɗan ne suka iya harsunan biyu tun daga tushe. Renée Fleming, ɗaya daga manyan mawaƙan ofera na Amurka, tana ɗaliba a jami'a take rera jaz da wata ƙaramar ƙungiya a ƙarshen mako, har mabushin saksofon Illinois Jacquet ya nemi ta bi ƙungiyarsa yawon wasa. Ta ƙi, ta ci gaba da karatun ofera. Sai bayan ta yi suna ta waiwayo: a 2005 ta yi faifai da makaɗan jaz Fred Hersch da Bill Frisell, a 2006 kuma da mai fiyano Brad Mehldau. A na farkon ta sauke muryarta ƙasa sosai, ta matso kusa da makirufo, har wanda ya saba jin ta a dandalin Metropolitan zai iya wucewa bai gane ita ce ba.