Farmakin da Na Kai a Gettysburg da Takalmin Sassarfa

Likita ne ya jawo mini, domin shi ya auna jinina ya ce in rage tuwon dare, in kuma riƙa sassarfa da safe. Da na je Amurka ziyarar ɗan yayata da ke karatu a jihar Pennsylvania, sai yaron ya ce, "Kawu, in dai sassarfa ce, babu wurin da ya kai filin yaƙin Gettysburg iska da sarari." Ranar Asabar ya ajiye ni a can, ya wuce cikin gari neman abin karyawa, bayan ya cika mini kunne da labarin yadda mutanen garin suke karɓar kuɗin baƙi su zagaya da su da dare neman fatalwar sojoji.

A wannan fili ne rundunar Arewa ƙarƙashin Janar Meade da ta Kudu ƙarƙashin Janar Lee suka gwabza daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, inda kimanin mutum 50,000 suka mutu, ko suka jikkata, ko aka kama su, ko suka ɓace. Yanzu an cika wurin da mutum-mutumai da duwatsun tunawa sama da 1,300, kuma a ganina wanda ya tsara su ya tausaya wa masu tumbi, domin duk lokacin da numfashina ya ɗauke sai in tsaya gaban wani dutse, in riƙe ƙugu, in ƙura wa rubutun ido ina gyaɗa kai, masu wucewa su ɗauka tarihi ne ya ratsa ni.

A haka na isa wurin mutum-mutumin Janar Lee a kan dokinsa, inda a rana ta uku sojojin Kudu kimanin 12,000 suka fito suka ratsa fili fetal mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, a farmakin da ake jingina wa Janar Pickett. Na hango ɗaya gefen, na ga abin kusa ne. Na ce a raina, mutanen da suka sa rigar ulu, suka saɓa bindiga, ana yi musu ruwan wuta sun taka shi, ina ga ni da nake da takalmi mara nauyi kuma babu wanda yake nemana da sharri? Sai na zura da gudu.

Filin nan mayaudari ne. Daga nesa a shimfiɗe yake, amma da ƙafa sai ka tarar da gangara da hawa, ga ciyawa, ga rana ba inuwa ko ta tafin hannu. Kafin in kai titin Emmitsburg gumi ya rufe mini ido, sai kuma ga shingen katako, irin wanda ya tsayar da sojojin Pickett a ranar har aka samu damar yi musu ɓarna. Na kama shi da jarumta, na ɗora ƙafa, na juya, sai na ji ƙarar da duk mai wando ya san ma'anarta. Ina saman shingen ina lissafin girman asarar, wata tsohuwa ta zo da karenta ta bi ta wata kafa da aka bari taku kaɗan daga inda nake, ta kuma yi mini barka da safiya cikin ladabi.

Na ɗaura rigar sama a ƙugu, na lallaɓa har na haye katangar duwatsun da farmakin ya ƙare a kanta, na nufi babban ginin tunawa na Pennsylvania ina jan ƙafa. A nan ne igwa ta tashi. Ban san lokacin da na nutse cikin ciyawa rub da ciki ba, kamar kazar da ta ga inuwar shirwa. Da na ɗaga kai sai ga hayaƙi, a cikinsa kuma ga wasu masu gemu sanye da shuɗin kaki na 1863 suna tahowa. Na fara Ayatul Kursiyyu, na kasa wuce farkonta, na yi ta maimaitawa.

Ɗaya daga cikin fatalwan ya durƙusa, ya zaro gorar ruwa ta roba ya miƙo mini, ya tambaye ni ko a kira motar asibiti. Ashe 'yan sa kai ne masu kwaikwayon sojojin da, suna nuna wa baƙi yadda ake harba igwa da albarushi zalla. Wasu daga cikin 'yan kallo sun tafa mini, wani yaro ma ya tambayi mahaifinsa ko ni ne wanda aka harba. Ma'aikacin wurin ya ƙara da cewa doguwar ciyawar akwai kaska, gara in duba jikina da kyau.

Da daddare ɗan yayata ya haska ƙafafuna da fitilar waya yana farautar kaska, alhali ya kira mahaifiyarsa ta bidiyo yana ba ta rahoto dalla-dalla, har da batun wando. Yaya ta saurara har ƙarshe, ta share hawayen dariya da gefen mayafi, sannan ta ce, "Sannu, Janar, ya fagen fama?" Kafin in sauka a Kano sunan ya riga ni isa gida, jikokinta uku suna tsaye a zaure sun ƙame suna sara mini.