Ba mu da mutum-mutumi a Sakkwato, amma muna da kufan Satiru da na Alƙalawa

Kwanakin baya wani ƙanena da ke karatu a jami'a ya turo min hoto ta WhatsApp, hoton wani mutum-mutumin Bature ne kwance rigingine cikin gidan tarihi, jikinshi duk fenti ja da shuɗi. Ya rubuta a ƙasa: "Yaya, ka ga mutanen nan da faɗa kan gunki, mu dai alhamdu lillahi ba mu da wagga matsala." Sai na tambaye shi, filin wasan da kake zuwa kallon ƙwallo, mi ya sa anka sa mishi suna Giginya? Ya ce ai sunan itace ne. Gaskiya ne sunan itace ne, amma yaro ya kai aji uku na jami'a, an haife shi cikin birnin nan, bai san cewa a filin Giginya ne ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila sunka buɗe wa rundunar Sarkin Musulmi Attahiru wuta ba, kuma akwai mutanen da sunka tsaya gindin tuta har anka kashe su ba su ja da baya ba. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa nike wanga rubutu.

Hoton da ya turo na Edward Colston ne, attajirin birnin Bristol na Ingila da ya yi dukiya da cinikin bayi. A shekarun da yake cikin kamfanin Royal African Company an kwashi 'yan Afirka kusan 84,000 an ƙetara teku da su, wajen 19,000 sun mutu a hanya. Ya rasu a 1721, amma sai a 1895 anka kafa mutum-mutuminshi, wato shekara 174 bayan mutuwarshi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa irin waɗannan gine-ginen sun fi ba da labarin masu kafa su bisa ga wanda anka kafa dominshi. Ranar 7 ga Yuni 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, masu zanga-zanga sunka ɗaure shi da igiya sunka kayar sunka mirgina shi cikin ruwa. Hukumar birnin ta tsamo shi, to amma ba ta wanke shi ta mayar bisa dakalinshi ba, ba ta kuma farfasa shi ba, sai ta kwantar da shi a gidan tarihi da fentinshi da kwalayen masu zanga-zangar kewaye da shi, ta kuma tambayi mutanen gari mi suke so a yi da shi. Yaron da ya shiga wurin yau zai koyi tarihin cinikin bayi, ya koyi yadda anka kwashe shekaru ana rufe shi, ya koyi ranar da mutane sunka ce ya isa haka.

Amma wanda ya fi kama hankalina na ƙasar Italiya ne, a wani gari da ake kira Bolzano can arewa kusa da iyakar Ostiriya, inda masu jin Jamusanci da masu jin Italiyanci sunka daɗe suna kallon juna da baƙin ciki. A jikin wani ginin gwamnati akwai ƙaton sassaƙe na Mussolini, tsohon shugaban mulkin kama-karya na Italiya, bisa doki, tare da takenshi na a yarda, a yi biyayya, a yi yaƙi. Wasu sun ce a rushe, wasu sun ce duk wanda ya taɓa shi ya taɓa su, an shekara da shekaru ana wannan jayayya. Daga ƙarshe anka buɗe gasa ga masu fasaha, mutum biyu 'yan yankin sunka ci, kuma abin da sunka yi a 2017 ba wani abu mai tsada ba ne: sun jera haruffa masu haske bisa sassaƙen, jimla guda ta marubuciya Hannah Arendt mai cewa ba wanda ke da 'yancin yin biyayya, ma'ana ba ka fakewa da "umarni anka ba ni" ka aikata zalunci, kuma an rubuta ta cikin harsuna ukun yankin. Mussolini na nan bisa dokinshi ba a ɓanɓare ko yatsa ba, sai dai ba ka iya kallonshi sai ta cikin wannan rubutu. Rubutu ne fa kawai. Mu kuwa in akwai abin da Allah ya hore wa garin nan tun zamanin Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u, ai alƙalami ne.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma da shi anka raine ni: addininmu bai yarda da sassaƙa surar mutum ba, kuma malamai sun yi gargaɗi mai tsanani kan gine-gine bisa ƙaburbura. Na yarda ɗari bisa ɗari, ba kuma mutum-mutumi nike nema ba, ba wurin ziyarar neman tabarraki ba. Abin da nike cewa shi ne rashin gunki bai sa mun tsira daga abin da ya sa su Bristol faɗa ba. Namu abubuwan tunawa sunayen tituna ne da barikoki da otal-otal, da kufai, da kuma wuraren da anka yi shiru a kansu da gangan. Kuma ba a rasa rigima ko a kan gini marar sura, mun ga yadda anka yi ta cacar baki a Kano cikin Yuni 2023 da gwamnati ta rushe shataletalen gaban gidan gwamnati wanda anka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50, kwana ɗaya ya zama tarkace, kowane ɓangare ya tafi da fushinshi ba wanda ya ƙaru da komai.

Ɗauki Satiru. Ƙauye ne kudu da birni, tafiyar da ba ta kai kilomita 25 ba. A Fabrairu 1906 mutanen garin, talakawa ne da manoma da bayin da sunka gudo daga iyayengijinsu, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, sunka tare ayarin sojan Turawa da gatura da fartanya da kibau, sunka kashe Turawa uku har da muƙaddashin Razdan, da sojoji fiye da 20, sunka ƙwace babbar bindiga. Labarin ya girgiza Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ƙwarai don shekara uku kacal ke nan da cin Sakkwato. Ranar 10 ga Maris anka dawo da runduna, anka kashe mutum wajen 2,000, anka kwashe mata da yara, anka baje garin, daga baya anka kashe Ɗan Makaho cikin birni, sannan anka yi wa wurin baki cewa kada wanda ya sake gini ko noma a nan. Abin da ya sa ba mu son maganar, mu faɗa wa juna gaskiya, shi ne ba Turawa kaɗai sunka yi aikin ba, sarautar garin nan ta wancan lokaci ta tsaya bayansu, don a wurinta mutanen Satiru masu da'awar Mahadi ne da sunka fita daga ɗa'a, kuma tana tsoron abin da zai sami birni in wutar ta yaɗu.

Ni ban zo yanke wa kowa hukunci ba, su duka sun riga mu gidan gaskiya. Tun 1903 anka sami wannan rabuwar kai: Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, dubban mutane sunka bi shi har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli na shekarar, ragowar sunka wuce har Sudan inda jikokinsu suke a garin Mai Wurno har yau; Waziri Buhari kuwa ya zaɓi ya tsaya ya sasanta don kada a bar talakawa ba mai tsaya musu. Ko wane ɗaya na da hujjarshi ta malanta, kuma duk mai hankali in ya sa kanshi a matsayinsu zai ji nauyin abin. To mi zai hana a sami wuri guda da yaro zai tsaya ya karanta hujjojin nan biyu gefe da gefe, ya kuma karanta na mutanen Satiru, waɗanda ba su bar littafi ba sai abin da abokan gabarsu sunka rubuta a kansu?

A nan ne masu fasaha ke shigowa, kuma nike ganin sun fi kwamitin gwamnati iya wanga aiki. Kwamiti in ya zauna zai fito da allon ƙarfe mai layi huɗu da Turanci wanda aka tace har ba ya cewa komai, da sunan wanda ya ƙaddamar da shi da manyan baƙaƙe. Mai fasaha kuwa ya san yadda ake sa mutum ya tsaya. Muna da magina masu ginin ƙasa da tubali da makuba, muna da masu zayyana da ke ƙawata allon sauka, muna da marubutan ajami, da dukawa masu aikin jar fatar da sunanta ya kai har Turai, da marina, da matasa masu aikin majigi da ɗaukar murya. Ka ƙaddara bango ne na ƙasa a bakin kufan Satiru, ba sura ko ɗaya, an danna tafin fartanya a jikinshi sau 2,000, labarin na rubuce da ajami da boko da Fulfulde da Larabci, sannan an bar wani sashe fili ba rubutu saboda waɗanda ba a san sunansu ba. A Richmond ta Amurka wasu matasa biyu da majigi kaɗai sunka riƙa haska fuskokin baƙaƙen fata bisa mutum-mutumin Janar Lee, kwamandan ɓangaren masu riƙon bayi a yaƙin basasar Amurka, a 2020 har wurin ya koma dandalin haɗuwar jama'a kafin a sauke shi a Satumba 2021. Mu ba sai mun haska fuska ba, baitocin waƙa da taswirar hanyar da Attahiru ya bi sun isa, a jikin bangon filin Giginya, dare ɗaya cikin shekara.

Wanda ya fi wuya shi ne Alƙalawa, don nan ba Bature a tsakani, mu ne da mu. Babban birnin Gobir ne, ya faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a cikinshi. A bakin wanda ya tashi cikin birnin Sakkwato wannan ranar nasara ce ta jihadi, a bakin Bagobiri kuwa ranar da anka ci garin kakanninshi ce, kuma in ka zauna da dattawan Sabon Birni ko na Tsibiri can ƙetaren iyaka za ka ji yadda ake faɗin sunan Bawa Jan Gwarzo har yanzu. Ina cikin masu alfahari da Shehu da abin da ya kawo na ilimi da gyara, ba na ɓoyewa, amma alfaharina ba ya hana ni sanin cewa maƙwabcina na da nashi ciwon. Shekara da shekaru mun bar abin ga raha da ba'a tsakanin abokai, sai ga shi yanzu da gabashin jihar nan ke cikin bala'in 'yan bindiga, wasu a Facebook da TikTok sun ɗauko tarihin nan sun mai da shi makami, yaro na zaune a ɗaki ana karanta mishi rabin labari da muryar da ke tafasa jini, Hausawa kaza, Fulani kaza. Abin da munka ƙi koyarwa da rana wasu na koyar da shi da dare, kuma ba su da niyyar alheri. An kwashe shekaru ba darasin tarihi cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi, to wa zai yi mamaki?

Akwai mai cewa ana fama da yunwa da tsadar taki da kuɗin fansa, wa ke ta kufai. Wannan magana tana da nauyi kuma ban raina ta ba, wanda ya kwana a sansanin gudun hijira ba bango yake buƙata ba. Sai dai ni a ganina aikin ma wani yanki ne na maganin. Mutanen da anka ƙona cikin mota a hanyar Sabon Birni a Disamba 2021, da waɗanda anka harbe a kasuwar Goronyo watanni biyu kafin nan, in ba mu koyi yadda ake rubuta suna a ajiye ba, nan da shekara 50 su ma za su koma kamar mutanen Satiru, adadi ne kawai da ake gardama a kai. Allah ya jiƙansu da rahama.

Sharaɗi ɗaya nike da shi, kuma a kanshi ba na sassautawa: kada a yi wa mutane aikin daga ofis. In za a rubuta wani abu a Alƙalawa, sai Gobirawa sun zauna, da malaman tarihi na jami'ar Usmanu Danfodiyo, da wakilan fada, da ma'aikatan gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke riƙe da takardun, da malaman addini da za su tsare iyakar shari'a, a yi ta ja har a sami kalmomin da kowa zai iya tsayawa gabansu ya karanta ba tare da ya ji an zage shi ko an yi mishi ƙarya ba. Zai ɗauki lokaci, watakila shekaru, za a yi fushi a tashi a sake dawowa, ai mutanen Bolzano ma sai da sunka haura shekara 70 bayan mutuwar Mussolini kafin su kunna fitilarsu.

Ƙanen nawa dai ya kira ni bayan kwana biyu, ya ce ya je ya nemi labarin Giginya ya karanta, yana tambaya ko gaskiya ne Satiru na nan kusa haka. Na ce mishi in Allah ya kai mu watan Maris kuma hanya ta yi lafiya, zan ɗauke shi da abokanshi biyu masu zane mu tafi, su zo da takarda da fensir.