Kafin ka rantse cewa zai koma ƙungiyarku

Samari, duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan ƙwallo sai a koma gidan jiya. Wani ya ga hoton ɗan wasan gaba an liƙa masa rigar ƙungiyarsu da kwamfuta, ya watsa a waya, shi ke nan gardama ta kaure. Wannan na rantsuwa cewa an gama ciniki, wancan na cewa ƙungiyarku ko takalminsa ba za ta iya saya ba, kafin a jima an bar ɗan wasa an koma kan iyaye. In ka tsayar da wanda ya fi kowa tada jijiyar wuya, ka tambaye shi shekara nawa ta rage a kwantiragin mutumin, sai ya yi tsuru-tsuru. Alhali daga nan maganar take farawa.

Ɗan wasan da ke da sauran shekara uku ko huɗu a kwantiraginsa ba shi da ta cewa, komai son tafiyarsa. Harry Kane ya sa hannu na shekara shida da Tottenham a 2018. A 2021 ya so komawa Manchester City, duniya ta sani, amma shugaban ƙungiyar na lokacin, Daniel Levy, ya ce ba ya sayarwa, haka Kane ya haƙura ya ƙara kaka biyu. Sai a 2023, da ya rage saura shekara ɗaya, aka sallama shi ga Bayern Munich. Ba tausayi ne ya motsa su ba. Tun hukuncin da kotun Turai ta yanke a shari'ar ɗan wasa Bosman a 1995, wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba a biya ƙungiyarsa ko sisi ba, kuma dokar FIFA ta ba shi dama, in saura wata shida, ya sa hannu da wata ƙungiyar tun kafin wa'adin ya cika. Haka Lewandowski ya yi a Janairun 2014, yana sanye da rigar Dortmund ya ƙulla da Bayern. To kowane wata da ya wuce, farashi na zagwanyewa a hannun mai sayarwa. Kuma "kyauta" ɗin nan da kuke ji suna ne kawai: kuɗin da ba a ba tsohuwar ƙungiya ba, kaso mai tsoka daga cikinsa yana komawa aljihun ɗan wasa da wakilinsa a matsayin ladan sa hannu, ga albashi mai kauri.

Sai farashin fansa, wato adadin da aka rubuta a kwantiragi cewa duk wanda ya ajiye shi, ƙungiya ba ta da ikon hanawa. Da shi PSG ta ɗauke Neymar daga Barcelona a 2017 kan yuro miliyan 222, da shi kuma City ta samu Haaland a 2022 kan yuro miliyan 60, arha ƙwarai in aka dubi ƙwallayen da ya zura. Amma yadda aka rubuta sharaɗin shi ne komai. A 2013 Arsenal ta taya Luis Suarez fam miliyan 40 da fam ɗaya, da zaton duk tayin da ya haura 40 dole Liverpool ta sake shi. Liverpool ta ƙeƙashe ƙasa, Suarez ya zauna, ya ci ƙwallo 31 a gasar Firimiya a kakar da ta biyo, sannan ya tafi Barcelona. Kai da ba ka taɓa ganin takardar ba, me ya ba ka tabbacin da lauyoyin Arsenal ba su samu ba?

In ka ji an ce "an cimma yarjejeniya", ka tambaya: tsakanin wa da wa? Ciniki hawa-hawa ne. Ƙungiyoyi biyu su daidaita kan farashi da yadda za a biya. Ɗan wasa ya daidaita da sabuwar ƙungiya kan albashi, tsawon shekaru da alawus. A yi gwajin lafiya, a duba zuciya, a ɗauki hoton gwiwa da idon sawu. Sannan, in daga ƙasa zuwa ƙasa ne, kowace ƙungiya ta shigar da bayanan cinikin a rumbun intanet na FIFA, kuma dole bayanan su zo ɗaya kafin lokaci ya cika. A kowane hawa ana faɗowa. A 2000 Manchester United ta gama ciniki da PSV kan Ruud van Nistelrooy, likitoci suka nuna shakku kan gwiwarsa, aka dakatar. 'Yan kwanaki bayan nan jijiyar gwiwar ta tsinke a wurin atisaye, sai a 2001 ya samu zuwa. A 2015 an gama komai na tafiyar David de Gea Real Madrid, takardu suka makara a daren ƙarshe, ya ci gaba da tsaron ragar United har 2023. Na Victor Osimhen ma bai yi nisa ba: a ƙarshen Agustan 2024 ana ta jan sunansa tsakanin Chelsea da Al-Ahli, kasuwar Ingila ta rufe yana nan a Napoli, sai ga shi aro a Galatasaray, inda kasuwa ba ta kai ga rufewa ba. Wa ya ambaci Turkiyya a duk gardamar da aka yi a makon?

Wurin da aka fi tafka shirme shi ne lissafin kuɗi. "Mai ƙungiyarmu attajiri ne" ba hujja ba ce. A littafin ƙungiya, ana raba kuɗin sayen ɗan wasa ne a kan shekarun kwantiraginsa. Ɗauki misali: an saye shi fam miliyan 100 na shekara biyar, miliyan 20 ke nan kowace shekara. In albashinsa fam 300,000 ne a mako, ka ninka da 52, miliyan 15.6. Wato mutum ɗaya na cin miliyan 35.6 a shekara, ba a sa ladan wakili ba. Chelsea ta yi dabarar ba da kwantiragin shekara takwas don rabon ya yi sauƙi, UEFA ta toshe ƙofar a 2023, ta ce ba a raba kuɗin fiye da shekara biyar. A Ingila kuwa, dokar wancan lokacin da ta hana asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku ita ta ci Everton: an cire mata maki 10 a Nuwamban 2023, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara. Shi ya sa sau da yawa sai an sayar kafin a saya, kuma in kana son sanin ko gwarzon naka zai zo, ka duba wa ake ƙoƙarin fitarwa.

Ita jita-jitar ma tana da mai ita. Wakilin da ke neman ƙarin albashi ga yaronsa yakan saki labarin cewa manyan ƙungiyoyi na zawarcinsa. Ƙungiyar da ke son farashi ya tashi takan ƙirƙiro abokin takara. Shafukan da ke cin abinci da yawan masu latsawa kuwa ba ruwansu da gaskiya, gobe za su haɗa shi da wata rigar. Ka kula da kalmomi: "tana sha'awar" da "tana bibiyar" ba su kai "ta miƙa tayi" ba, kuma shafi goma da suka kwafo daga mutum ɗaya shaida ɗaya ce.

A ce ma ya zo. Chelsea ta biya fam miliyan 50 kan Fernando Torres a Janairun 2011, bai ga raga ba sai a Afrilu. Ta biya fam miliyan 97.5 kan Lukaku a 2021, bayan kaka ɗaya ta mayar da shi Inter aro. Kafin ka ce zai kawo kofi, ka cire fenariti daga ƙwallayensa ka ga abin da ya rage, ka duba wasa nawa rauni ya hana shi a kaka biyu da suka wuce, ka tambayi kanka wa zai riƙa ba shi ƙwallo a ƙungiyarku, kuma ko salon kocinku ya dace da mai jira a cikin da'ira ko mai gudu a bayan 'yan baya.

Gardamar ƙwallo daɗi gare ta, ba wanda ya ce a daina. Abin da ya kamata ku bari shi ne kama sunan Allah a kan cinikin da ba ku a ɗakin da ake yin sa, da zuba kuɗi a caca a kansa, da ɓata da aboki saboda mutumin da bai san da zamanku ba. Ku kuma rage kiran ɗan wasa maci amana don ya nemi tafiya. Ita ƙungiyar, ranar da ƙafarsa ta yi sanyi, ba ta shawara da kowa za ta sa shi a kasuwa. Masu rantsuwa kuma su tuna Mayun 2022. Kusan kowa ya gama kai Mbappe Real Madrid, har ana gardamar lambar da zai saka, sai ga shi a tsakiyar filin Parc des Princes riƙe da rigar PSG an rubuta 2025 a bayanta. Madrid ɗin ya je, amma sai bayan shekara biyu.