Na ce a ɗaga mini mota, aka maido mini da raƙumi mai ɗingishi

Wata huɗu ke nan ina zarya garejin da aka ɗaga mini mota, har yaran wurin sun daina tambayata wa nake nema, da sun hango ni sai su fara sunkuyar da kai. Abin da na nema bai taka kara ya karya ba. A-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, aikina yana kai ni hanyoyin da ba su taɓa ganin kwalta ba, cikinta kullum yana gogar duwatsu. Na ce a ƙara mata tsayi inci 3 in samu in sa tayoyi masu ɗan girma. Ran da na je ɗauka, ogan garejin yana washe baki ya ce, "Yallaɓai, huɗu na yi maka, ɗayan kyauta ne." Har godiya na yi masa. In na tuna godiyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Tun a hanyar komawa gida matsala ta fara. Da na wuce gudun kilomita 60 sai kujera ta ɗauki rawa, madubin ciki yana karkarwa har ba na gane motar da ke bayana. Na koma. "Balansin taya ne." Aka yi balansin. Na koma. "Sababbin tayoyi ne, sai sun saba da mota." Taya ce ko amarya? Na haƙura na ba su mako uku su saba, ba su saba ba. A zuwa na uku aka canza kuros ɗin farfela, wato mahaɗin sandar da ke kai juyin giya zuwa tayoyin baya, na biya, wata bai cika ba sabon ma ya fara kuka. Duk wannan sintiri, babu mutum ɗaya a garejin nan da ya kwanta ƙarƙashin motar da abin awo a hannu. Da ido suke aiki, da kunne, da kuma rantsuwa.

Sai ga ta biyu, wadda ta fi ba ni tsoro. In na shiga yashi ko na kama hawa na taka totur, bayan motar sai ya dinga tsalle, gaf-gaf-gaf, kamar ana dukan ƙasan bodi da guduma. Amsar oga? "Ƙafarka ce, kana sakin kuloci da ƙarfi." Shekara goma sha ina tuƙa motar nan da ƙafar nan, ba ta taɓa tsalle ba, sai da ta kwana biyu a hannunsa ƙafata ta lalace.

Abin da ya sa na daina yaudarar kaina shi ne ranar da wani abokina ya biyo ni a baya. Da muka tsaya ya ce, "Kai, motarka a karkace take tafiya, gaba na nan, baya na can, kamar kare yana sassarfa." Da ma na lura sitiyari ya daina zama daidai, sai na ɗan riƙe shi gefe kafin ta miƙe. Na ɗauki tef na auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Hagu da dama sun bambanta da fiye da inci guda. Wato aksul ɗin baya, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, ya goce daga mazauninsa, ni kuma ina ta zuba gudu a kai da iyalina a ciki.

Daga nan na kai ta wurin wani dattijon bakanike da ba shi da yawan magana. Bai tambaye ni komai ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila. Can sai na ji ya ce, "Zo ka gani da idonka, kada ka ce na faɗa." Na kwanta kusa da shi. Wallahi abin da na gani ya isa a rufe gareji.

Sifirin ɗin bayan motata irin mai falle-falle ne, a saman aksul yake zaune, don haka hanya mafi arha ta ɗaga ta ita ce a cusa bulon ƙarfe tsakaninsu. A tsofaffin Land Cruiser, da sifirin yake ƙarƙashin aksul, wannan dabara ba ta ma aiki, bulo sai dai ya ƙara sauke motar. To, ni ba bulo ɗaya aka sa mini ba. Biyu ne a kowane gefe, mai inci 2 da mai inci 1, an ɗora wani kan wani kamar yara na wasan gini. Ko yaron da ya shiga koyon aiki jiya ya san ba a jera bulo. Kuma ga dalilin tsallen: duk sanda taya ta juya gaba, aksul yana son ya murɗa baya, sifirin ne ke riƙe shi. Ka nisanta aksul daga sifirin da inci 3, ka ba shi doguwar sanda ke nan da zai lanƙwasa fallayen, su koma kamar harafin S, su saki da ƙarfi, su sake lanƙwasa. Shi ne gaf-gaf ɗin da aka ɗora wa ƙafata.

Incin kyautar kuwa daga shakul ya fito, wato ƙarfen nan mai lilo da ke riƙe ƙarshen sifirin ta baya. An cire nawa an sa wanda ya fi shi tsawo da inci 2, domin rabin abin da ka ƙara wa shakul ne kawai ke zama tsayin mota. Amma da ka tsawaita shi, aksul yana juyawa, bakin da farfela ke shiga ya ɗaga sama. Dattijon ya ɗora ma'aunin kusurwa a bakin giya, ya ɗora a bakin aksul, ya nuna mini: bambancin digiri 5. Ya kamata su yi kusan daidai, kada su wuce digiri ɗaya ko makamancin haka. Kuros in yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, kuros na biyun da ke ɗaya ƙarshen farfela ne ke goge laifin na farko, kuma ba zai iya ba sai in karkatarsu ta zo ɗaya. Awon nan bai ɗauki minti biyar ba. Ko wayar hannu tana iya yin sa. Minti biyar! A kansa na yi balansin na sayi kuros na banza.

Da aka kwance, santa bol na gefen dama, ƙusar da ke ratsa tsakiyar fallayen ta zaunar da su a kan aksul, ya faɗo gida biyu. Ba shi da laifi. Aikinsa ya nuna wa aksul mazauni, ba ya ɗauki ƙarfin mota ba. Masu riƙon gaskiya su ne yubol, ƙarafan nan masu siffar U da ke matse sifirin da aksul wuri guda. Sabbi ake sawa duk sanda aka kwance, domin wanda aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe, haƙoransa sun ci. Nawa kuwa, da yake na asali sun yi gajere, sai aka tono wasu tsofaffi masu tsatsa daga tarkacen wata motar, aka ɗaure da sifana da bututu har sai da yaro ya ji hannunsa ya gaji. Babu sifana mai awo, babu kuma wanda ya ce mini in dawo a sake matsewa bayan tafiyar farko, alhali ko sababbi sai an yi musu haka. Suka saki, bulo ya fara wasa, ƙusar ta karye.

Sauran ɓarnar a gurguje zan faɗa, don in na tsaya a kan kowacce hawan jini zai kama ni. Shakazoba, masu hana mota jijjiga, tsofaffin ne, gajeru, su ke tsayar da aksul in taya ta faɗa rami, har ɗaya ya fara zubar da mai. Bushin ɗin roba an ɗaure su tun mota na rataye a kan jak, maimakon a sauke ta nauyinta ya zauna tukuna, don haka a murɗe suke tun ranar farko, biyu sun yage.

Amma birki ba zan wuce shi a gurguje ba. Da aka ɗaga shasi aka bar aksul ya sauka, tiyon man birki na baya ya miƙe tsaf kamar tsirkiyar baka. Rami ɗaya mai kyau ya rage ya tsinke. Sannan motata tana da bawul ɗin nan da ke auna nauyin kaya ta wani siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul: in baya ya yi ƙasa ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ya yi sama ya rage. An ɗaga mota ba a gyara masa zama ba, shi kuma a ganinsa kullum babu kaya, ko da na cika ta maƙil. Wata huɗu ina gangara tuddai da rabin birkin baya, ina cewa nauyin sababbin tayoyi ne.

Na koma garejin da guntayen ƙusar a hannu na ajiye wa oga a kan benci. Ya juya su, ya juya, ya ce, "Ai Yallaɓai motar da aka ɗaga sai da haƙuri." Sannan, don ya nuna mini shi mai taimako ne, ya ce in kawo ta a cire bulon, su gasa fallayen da wutar walda su lanƙwasa su da guduma, tsayin zai fito ba tare da na sayi komai ba. A gasa sifirin! Ƙarfen da duk amfaninsa yana cikin yadda aka dafa shi a masana'anta, wuta na taɓa shi ya mutu, ko ya kwanta ko ya karye. Na dube shi na rasa abin faɗa, yaransa ma suka yi tsit.

Yanzu motar tana wurin dattijon, a kan turaku, babu tayoyin baya. Ana jiran sifirin da aka ƙera da lanƙwasar da ta dace da tsayin, da yubol sabbi, da dogon tiyo, da shakazoba daidai awo. Inci 2 kawai za a bar mata, kuma ni zan sake biya. Bulo huɗun nan suna cikin buhu a bayan ƙofata. Gobe da sassafe zan kai wa ogan garejin farko kayansa, har da incin kyautar, kuma ba zan tashi daga bencin nan ba sai ya ƙirgo mini kuɗina.